Gwangwanin Inna Tabita

Ranar Litinin, ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Maraɗi, mu uku a mota: ni, da wani likita abokin aikina, da shofer ɗinmu, wato direba. A baya akwai gilasiya biyu, akwatunan sanyi ke nan, cike da ƙanƙara, da kwalin 'yan tsinkayen auduga da muke shafo ruwan miki da su. Masu bin rubutuna sun san sana'ata, amma bari in maimaita saboda baƙi. A labo nake aiki, inda muke renon ƙwayoyin cuta a faranti don mu gane wace iri ce, kuma wane magani ne ke iya kashe ta. Shekarata goma sha huɗu ke nan a kan wannan kujera. Abin da ya fitar da mu shi ne bincike kan mikin da ke ƙin warkewa, musamman na mutanen da aka yi wa aiki a asibiti suka koma gida da ciwon da ba su je da shi ba. Za mu zaga Tasawa da Mayahi, mu ɗebo samfuri, mu dawo da shi kafin ya lalace.

Damina ta zauna sosai. Daga Cadawa har Agye gero ya kai gwiwa, kowace gona da mutane a duƙe, ga gawo tsaye babu ganye ko ɗaya kamar ba shi ake yi wa ruwan ba. Shofer ɗinmu mutum ne mai surutu. Ya yi mitar kuɗin esans, wato fetur, har ya gaji, sannan ya koma gaisawa da ramukan hanya, don ya ce bara ma nan ya bar su, ya kamata a yi zumunci. Mun karya da masa mai zafi a Gazawa, muka shiga Tasawa da hantsi.

Gidajen likita biyu muka yi aiki a ranar. Ba zan kwatanta muku abin da idona ya gani ba, kuna iya kasancewa kan abinci. Abu ɗaya dai zan faɗa: kusan duk mikin da na buɗe, sai in tarar da garin magani rawaya a kansa, an ɓare kafso an barbaɗa. Da la'asar, bayan mun aika samfurin ranar Maraɗi a motar yamma, muka shiga kasuwa sayen kilishi. Nan na ci karo da mai tallan magani, tire a ka, rana ta gasa kayansa tun safe. Ba a kiran magani da suna a wurinsa, da kala ake kira. Wata mata ta ce a ba ta mai ja da rawaya guda uku, biyu nata, ɗaya na kajinta. Kafin in ankara na fara yi wa mai tiren wa'azi, murya ta tana hawa, mutane suna taruwa. Likita ya jawo gefen mayafina ya ce, "Madam, kilishi muka zo saye." Ni dai Allah ya yi ni da saurin baki, kowa a wurin aiki ya san haka. Kilishin Tasawa kuwa bai ba mu kunya ba.

Talata da safe muka sake ƙanƙara muka nufi Kanan Bakashe. Kwalta ta ƙare mana da wuri, sai burji, sai rairayi mai laushi da ruwa ya jiƙa. Goriba ta fara yawa, mata na zaune a inuwa suna saƙar kaba. A wani ƙaramin gidan likita na yankin muka sauka. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne mai magana a hankali. Ya kawo mana marasa lafiya huɗu, muka yi musu bayani, suka dangwala yatsa a takardar yarda, na ɗauki samfuri. Muna haɗa kaya ya ce akwai ta biyar, amma ba ta iya zuwa. Sunanta Rifkatu, shekararta goma sha tara, haihuwar fari. Naƙuda ta ƙi, aka kai ta wani asibiti aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Bayan ta koma wanka gidan uwarta sai ɗinkin ya buɗe. Yau kwana ashirin, mijinta na Libiya, kuma uwar ta daina kawo ta wankin mikin.

Mota ba ta shiga garin, saboda haka muka hau amalanken shanu da majo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ƙarami ne, rijiya a tsakiya, masallaci a gabas da ita, majami'a ta ƙasa mai rufin kwano a yamma. A bakin rijiyar nan ba ka gane wace ce ke zuwa ina, guga ɗaya suke ja.

Uwar Rifkatu ita ce Inna Tabita, shugabar matan majami'ar, tsohuwa doguwa da ba ta rasa shekara sittin ba. Ta tarbe mu da fura, tsakar gidan cike da mata 'yan dubiya. Ni kuwa tun daga ƙofar ɗaki wari ya gaya mini abin da zan tarar, hankalina ya tafi can. Ban yi barka ba, ban kalli jaririyar ba, ban ko taɓa furar ba. Na sa safar hannu na shige.

Rifkatu na kwance a kan gadon kara, jikinta zafi rau, leɓɓanta sun bushe. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ni, na ce ta kwanta. Da na ɗaga zanen, sai ga garin nan rawaya, an barbaɗa shi da kulawa har gefe da gefe. Na ɗauki samfuri, na rufe, na fito na tambayi Inna me ake ba ta.

Ta shiga ɗakinta ta fito da wani babban gwangwanin madara, ta riƙo shi da hannu biyu, fuskarta a sake. Ta ce, "Ga shi, ɗiyata. Ba mu bar ta haka nan ba. Sahe da marece ina ba ta."

Ta buɗe. Kafso kala-kala, ƙwayoyi farare da aka yanko daga jikin takardarsu, biyu nan, uku can, wasu a ƙulle cikin leda, wasu sun manne da juna don zafi. Ta yi mini bayani tana murmushi. A garin nan duk wanda ya ji sauƙi kafin maganinsa ya ƙare, ba ya shanye sauran. Ranar Lahadi, lokacin baiko, sai ya kawo ya zuba a gwangwanin, godiya ga Allah da ya ɗaga shi. Musulmin garin su kan aiko da nasu ta hannun mata. Wanda ciwo ya kama, ko wane ne shi, gidan Inna zai zo, ta duba ta zaɓa masa. Shanye magani duka bayan ka warke, a wurinsu rowa ce.

Na tsaya ina kallon gwangwanin. Gari guda, shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa kai magani ƙarshe. Duk abin da nake gani a farantina yana ƙin mutuwa, ga inda ake koya masa taurin kai, kuma da sunan alheri. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na karɓi gwangwanin na juye shi a kan tabarma a gaban matan nan duka. Na ce wannan ba taimako ba ne, guba ce. Na ce wasu ma sun shekara da lalacewa. Na ce, Allah ya yafe mini, "Inna, da hannunki kike kashe ɗiyarki."

Gidan ya yi tsit, har mai daka ta tsaya.  Inna Tabita ta durƙusa da ƙyar, ta dinga tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa, ta rufe, ta rungume gwangwanin.

Likita ya duba Rifkatu ya fito, ya yi magana da ladabi. Ya ce ciwon ya shiga ciki, dole a kai ta Maraɗi yau, ga mota muna da wuri, majo zai rubuta takarda. Inna ta dube shi, ba ta dube ni ba.

"Ba ta tahiya," ta ce. "Lahiya lau na kai ta hannun likitoci, can ta ɗauko wanga ciwo. In kuwa ni ka kashe ta, to ku bar ta ta mutu hannuna."

Majo ya roƙa, faston garin ya zo ya roƙa, matar liman ta sa baki. Ko gezau. Haka muka hau amalanke da samfuri a gilasiya, muka bar mai samfurin a kwance.

A hanya ne majo ya ba ni labarin, yana kallon bayan shanu. Ya ce mijin Inna Tabita a kan amalanke ya cika, shekaru da yawa da suka wuce, ana neman inda za a samo masa maganin da aka rubuta. Bayan an binne shi da kwana biyu aka gano wani maƙwabci yana da ragowar irinsa a cikin rufin ɗaki, bai sani ba. Tun ranar ta ajiye gwangwani, ta ce ba za a sake rasa rai a garin nan alhali magani na kwance a ɗakin wani ba. Majo ya ce, "Na san da shi, Madam. Na yi shekara ina lallaɓa ta, har ta fara bari ina tsince waɗanda suka lalace."  Kunya ce ta rufe ni tun daga ka har ƙafa.

A Mayahi muka sauka. An kawo tuwon gero da miyar kuka mai kyau, ban iya ci ba. Tsarinmu shi ne Laraba mu leƙa Isawan da safe, mu tsaya garin Sarkin Hausa, mu kai samfuri Maraɗi kafin magariba. Na ce wa likita ina so a soke duka biyun, a koma ƙauyen. Ya ce aikin kwana guda zai tafi a banza, kuma shi zai amsa tambaya a ofis. Sannan ya ce, "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ni ba zan buɗe baki ba."

Da gari ya waye na shiga kasuwa na sayi sabulu, da sukari, da 'yar rigar jarirai, abin da ko yarinya ta san ana riƙewa in za a shiga gidan haihuwa. Shofer ya ga ledar ya ce, "Ashe dai kin san hanya." Gaskiya ya faɗa.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana ba jaririyar madarar akuya da cokali, don nonon uwar ya ɗauke. Na tuɓe takalmi tun daga zaure. Na durƙusa a gabanta, a gaban matan da suka ji abin da na faɗa jiya, na ce, "Inna, barka da arziki. Jiya na shigo gidanki kamar ba uwa ce ta haife ni ba. Na yi miki rashin kunya, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo mini jaririyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na tambayi sunanta, aka ce Hannatu.

"Tashi zamna bisa tabarma," in ji Inna. "Yanzu gaya mini abin da kika so gaya mini jiya, amma da bakin mutane."

Na gaya mata. Na ce shan magani kamar noma ne. In ka yi rabin gona ka ajiye hauya don ka ga gero ya ɗago, ciyawa mai laushi ce ta mutu, mai ƙarfin tana nan, kuma ita za ta zuba iri. Na ce kowace cuta da nata maganin, kala ba ta nuna shi. Ta saurara har na gama, tana juya cokalin a hannu.

"To, ki gaya mini tsakaninki da Allah," ta ce. "Wanga ciwo na Rifkatu, gwangwanina ya kawo shi?"

Da jiya ce, da na ce e. Amma ba gaskiya ba ne, ko ba ita ce gaskiyar duka ba. Na ce ban sani ba. Na ce mai yiwuwa yadda ta faɗa ne, a asibiti ta ɗauko, don irin waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai a ɗakunanmu suka fi zama, inda muke yi wa kowa allura iri ɗaya, inda wani lokaci ruwan wanke hannu ma sai an nema. Mu ma masu farar riga muna da namu kason. Abin da na sani tabbas shi ne kwana ashirin ɗin nan da aka yi ana gwada na gwangwani, kwanaki ne da cutar ta samu tana shiga ciki, kuma ba a da sauran wasu da za a ba ta.

Inna ta miƙe, ta leƙa ɗakin 'yarta, ta daɗe a bakin ƙofa. Da ta juyo sai ta ce wa wata mata, "Kira mai amalanke."

Fasto ya yi addu'a a zaure, matar liman ta kawo matashi da bargo aka shimfiɗa. Rabin garin ya raka mu har bayan rijiya. A mota muka kwantar da Rifkatu a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta, Hannatu a hannuna, gilasiya a ƙafafuna. Muka bi ta Mayahi, muka wuce Sarkin Hausa ana cin kasuwa ba mu tsaya ba, muka faɗa kwalta a Cadawa. Shofer ɗin da ya cika mu da surutu kwana biyu ya mai da hankalinsa kan tuƙi, kowane rami sai ya rage gudu ya kewaye shi. La'asar sakaliya muka shiga Maraɗi, aka karɓe ta aka sa mata ruwa da allura.

Aikinmu ba ya karɓar gaggawa, wannan shi ne ciwonsa. Laraba da yamma na shuka samfurin a faranti. Alhamis ƙwayar ta tsiro, na gane ta, tsohuwar abokiyar gabarmu ce ta ɗakunan jinya. Na shimfiɗa ta a sabon faranti, na jera mata 'yan takardu takwas, kowace ɗauke da magani daban. In magani na aiki, za ka ga fili a share kewaye da takardarsa, ƙwayar ta kasa matsowa. Ranar Juma'a da safe na buɗe. Bakwai babu fili ko na sa allura, ƙwayar ta haye har jikinsu, har da wadda ake yi wa Rifkatu tun Laraba. Ɗaya ce kaɗai ta share gefenta. Na ɗauki takardar sakamako da gudu na kai da kaina, aka canja allura a ranar.

Ta yi aiki, amma ciki ya riga ya ɓaci. Ranar Asabar aka sake shiga da ita ɗakin aiki, aka cire mahaifar don a ceci ranta. Na tare likitan da ya yi aikin na tambaye shi: da Talata muka kawo ta ba Laraba ba, da an tsira da mahaifar? Ya ce babu mai iya sani, kwana ashirin ya fi kwana ɗaya nauyi. Na gode masa, amma kwana ɗayan nan nawa ne, bakina ne ya jawo shi, kuma ina jin zan daɗe ina ɗauke da shi.

Da zazzaɓin ya sauka, Inna Tabita ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin bishiyar bedi inda masu jinya ke shimfiɗa. Ta kwance ƙullin kayanta, sai ga gwangwanin. Ashe da shi ta taho.

"Ki zubda su inda kuke zubdawa," ta ce. "Amma gwangwanin ki maido mini."

Na tambaye ta me za ta yi da shi.

"Mutane sun saba godiya, ɗiyata. In ka hana su inda za su sa ta, wani wuri za su kai. Wanda ya warke ya shanye maganinshi, ya kawo abin da ya samu, mu aje na amalanke da moto. Mai ciwo ya tahi tun da wuri."

Ni da na yi karatu, wannan dabarar ba ta taɓa zuwa kaina ba. Na wanke gwangwanin da sabulu na mayar mata.

A ranar da yamma, ina shiga gida ko mayafi ban cire ba, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ta ce ƙaramin ɗanta na tari, ko akwai sauran ruwan maganin nan da na ba ta kwanaki, wanda autana ya rage. Na buɗe durowar gefen gadona. Kwalba biyu rabi-rabi, kafso shida a takarda, wasu ƙwayoyi da ni kaina na manta na mene ne. Nawa gwangwanin ke nan, leda ce kawai ba ƙarfe ba, kuma ni ba ni da uzurin Inna Tabita, don ni na san abin da faranti ke nunawa. Na ce mata babu, ta ɗauko yaron in raka ta gidan likita. Ta ɗan ji haushi, na gani a fuskarta, amma ta ɗauko shi.

Na fita neman ƙwayar cuta a mikin mutane, na dawo da abin da ban je nema ba. Magungunan nan suna ƙare mana, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mugaye ne ke ƙarar da su ba. Mu ne, da tausayinmu, da saurinmu, da ganin ƙyashin zubar da abin da aka saya. Na kuma koyi cewa gaskiya in an jefa ta a fuskar tsohuwa a gaban mutane, ba ta warkar da kowa. Don Allah, in an rubuta muku magani ku kai shi ƙarshe yadda aka ce, kada ku ajiye wa kowa saura, kada ku karɓi sauran kowa.

Jiya na je duba su kafin a sallame su. Rifkatu na zaune ta jingina da bango, tana shan kunu da hannunta. An gaya mata abin da aka cire, ta yi kukanta ta share. Inna Tabita ta ɗauko Hannatu, sanye da 'yar rigar da na saya a Mayahi, ta ɗora mini ita a cinya, ta gyara mata hula.

"Riƙe ta da kyau," ta ce. "Ita ce ta fari, ita ce auta."